Malam Edita, ba faɗan masu zafi da masu sanyi ba ne, faɗan yadda ake karanta Littafi ne

Malam Edita, barka da aiki, ya ƙoƙari, da fatan kai da ma'aikatanka kuna lafiya.

Na daɗe ina bin jaridar nan amma ban taɓa rubuto muku ba sai yau, kuma abin da ya taso ni kalmomi biyu ne da kuke yawan amfani da su duk sanda kuka ɗauko labarin rigimar coci-coci a Amurka ko Ingila, wato "Kiristoci masu tsattsauran ra'ayi" da "Kiristoci masu sassaucin ra'ayi". Ni Kirista ne, na fi shekara 15 ina koyar da matasa nazarin Littafi Mai Tsarki, kuma gaskiya duk sanda na ga wannan fassarar sai raina ya sosu, don a kunnen mai karatu in ka ce tsattsauran ra'ayi abin da ke zuwa masa a rai shi ne mutum riƙe da makami, in ka ce sassauci kuma sai ya ga wani dattijo mai sauƙin kai da son zaman lafiya. To ai ba nan gizo ke saƙa ba. Na san masu riƙe da nassi gam-gam waɗanda ko kaza ba za su iya yankawa ba saboda taushin zuciya, na kuma karanta rubutun masu sassaucin da zafin bakinsu ya fi na kowa. Abin da ya raba su tambaya ɗaya ce, shin mene ne Littafin nan, kuma in abin da ke ciki ya ci karo da abin da hankali ko binciken zamani ya nuna, wa ke da maganar ƙarshe?

Bari in ba ka misali da abin da ya faru a gabana. Wata rana muna nazari sai wata yarinya, ba za ta wuce shekara 15 ba, ta ɗaga hannu ta ce Malam ta yaya Yahuza Iskariyoti ya mutu? Na ce ai rataye kansa ya yi. Ta ce to ita ta ga wani abu daban, ta sa yatsa ɗaya a Matiyu 27 ɗaya a Ayyukan Manzanni sura ta 1, tana juya shafukan gaba da baya hannunta har rawa yake don tana tsoron kar a ce ta yi saɓo. A Matiyu ya watsar da azurfa talatin ɗin a Haikali ya je ya rataye kansa, firistoci ne suka kwashe kuɗin suka sayi fili. A Ayyukan Manzanni kuwa shi ne ya sayi filin, ya faɗi da ka cikinsa ya fashe hanjinsa suka zubo. Ajin ya yi tsit, kowa ya zuba min ido.

To a nan ne hanya ta rabu biyu, Malam Edita. Wanda ake kira fandamentalis, wato wanda kuke ce wa mai tsattsauran ra'ayi, zai ce Littafin hurarre ne daga Allah kamar yadda 2 Timoti 3:16 ta faɗa, Allah kuwa ba ya kuskure, saboda haka dole labaran biyu su zama gaskiya ɗaya, ya rataye kansa, daga baya igiyar ta tsinke ko reshen ya karye gawar ta faɗo ta fashe, filin kuma da kuɗinsa aka saya shi ya sa aka ce shi ya saya. Wanda ake kira libaral kuma, wato mai sassaucin, zai ce a'a kar mu wahalar da kanmu, mutum biyu ne suka rubuta shekaru da dama bayan abin ya faru, kowa ya rubuta yadda labarin ya iso masa, sun haɗu a kan cewa mutumin ya yi mummunan ƙarshe kuma ana kiran wurin Filin Jini, saƙon ke nan, sauran kuwa aikin ɗan Adam ne kuma ɗan Adam ajizi ne. Ka ga dukkansu ayoyin nan guda suka karanta, ba wanda ya ƙara ba wanda ya rage, amma tun kafin su buɗe shafin kowa ya riga ya yanke abin da Littafin zai iya zama da abin da ba zai iya zama ba.

Shi wannan sassaucin a jami'o'in Jamus ya yi jijiya. Akwai wani malami Friedrich Schleiermacher da ya rasu a 1834, shi ake ɗauka a matsayin uban tafiyar, ya ga masu ilimin zamaninsa sun raina addini sai ya ce musu ai zuciyar addini ba tarin aƙidu ba ne, ji ne da mutum ke yi a ransa cewa gaba ɗaya ya dogara ga Allah. Niyyarsa ceto addini ce fa, ba rusa shi ba, wannan ya kamata a yi masa adalci. Bayansa sai malamai suka fara bin Littafin da irin binciken da ake yi wa kowane tsohon rubutu, wa ya rubuta, yaushe, daga ina ya samo. A 1878 Julius Wellhausen ya fito da bayanin cewa littattafai biyar na farko da aka saba jingina wa Musa an harhaɗa su ne daga tushe huɗu a tsawon ɗaruruwan shekaru, suna kafa hujja da abubuwa irin su labarin halitta da ya zo sau biyu a Farawa 1 da 2 da jeri daban, da kuma cewa sura ta ƙarshe ta Maimaitawar Shari'a tana ba da labarin mutuwar Musa da binne shi. Ga kuma littafin Darwin da ya fito a 1859 ya riga ya tada ƙura kan asalin halittu.

Wurin da na fi so mai karatu ya tsaya ya duba da kyau shi ne littafin Ishaya, don a nan ne asirin rigimar yake fitowa fili. Annabi Ishaya ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Almasihu, amma a ƙarshen sura ta 44 da farkon ta 45 an ambaci sarki Sairus na Farisa da sunansa, shi kuwa Sairus sai a 539 kafin Almasihu ya ci Babila, tsakani ya fi shekara 150. Mai riƙe da nassi zai ce to mene ne abin mamaki, ai aikin annabi ke nan, Allah ya sanar da shi. Mai sassauci zai ce daga sura ta 40 zuwa gaba wani annabi ne daban da ya rayu a zamanin bautar talala a Babila, salon maganar ma ya canza, mutanen da ake yi wa maganar ma sun canza. Akwai hujjojin harshe na gaske a maganarsu, ban musa ba, kuma akwai masu bi na ƙwarai da suka karɓi wannan bayanin ba tare da imaninsu ya girgiza ba. Amma a wajen wasunsu abin da ke ƙarƙashi shi ne sun riga sun ɗauka cewa ba wanda zai iya sanin gobe, kuma mu'ujiza ba ta faruwa, to in ka shigo da wannan a aljihunka ai duk inda ka ga mu'ujiza sai ka nemo mata wata fassara, kuma ba binciken ne ya kai ka can ba, da abinka ka zo.

A Amurka ne aka mayar da martani da ƙarfi. Daga 1910 zuwa 1915 wasu 'yan'uwa biyu masu arzikin man fetur a Kalifoniya, Lyman da Milton Stewart, suka ɗauki nauyin buga maƙaloli 90 a ƙananan littattafai 12 da aka sa wa suna The Fundamentals, ma'ana ginshiƙai ko tushe, aka rarraba kwafi wajen miliyan 3 kyauta ga fastoci da malamai da 'yan mishan. A 1910 ɗin kuma babban taron ɗarikar Firesbiteriyan ya zayyana abubuwa biyar da ya ce ba a taɓa su, cewa Littafin ba kuskure a cikinsa, budurwa ce ta haifi Yesu, mutuwarsa a kan gicciye fansa ce a madadin masu zunubi, ya tashi daga matattu da jikinsa, kuma mu'ujizansa sun faru da gaske. Sunan fandamentalis ɗin ma ba zagi ba ne da farko, wani editan jaridar 'yan Baftis mai suna Curtis Lee Laws ne ya ƙirƙiro shi a 1920 yana alfahari da shi. A 1922 Harry Emerson Fosdick ya hau mumbari a New York ya yi wa'azin da ya yi suna yana tambaya ko za a bar 'yan fandamentalis su yi nasara, yana roƙon a bar coci ta ɗauki kowa da kowa, shekara ɗaya bayan nan J. Gresham Machen na makarantar tauhidi ta Princeton ya amsa da littafi guda yana cewa wannan sassaucin ba wani reshe ne na Kiristanci ba, wani addini ne daban da ya ari kalmomin Kiristanci. Shi Machen malami ne na gaske mai zurfin Girkanci, ba irin hoton jahilin da ake zana su da shi ba, ƙarshe ma barin Princeton ya yi a 1929 ya kafa makarantar Westminster a Filadelfiya.

Don ka ga yadda abin ke kaiwa, a 1952 aka fito da wata sabuwar fassarar Turanci inda a Ishaya 7:14 aka sa "matashiyar mace" a maimakon "budurwa", saboda kalmar Ibrananci almah asalinta yarinya ce da ta isa aure, ko da yake tsohuwar fassarar Girkanci da Matiyu ya ɗauko daga cikinta budurwa ta ce. A kan kalmar nan ɗaya wani fasto a jihar North Carolina ya yage shafin ya banka masa wuta a gaban jama'a.

Yanzu bari in faɗi inda na tsaya, don bai kamata in jero maganganun mutane in ɓoye tawa ba.

Ina da ƙorafi babba a kan 'yan'uwana masu cewa su ba sa fassara, abin da aka rubuta kawai suke bi. Wannan ba gaskiya ba ne, ba mai karatun da ba ya fassara. Yesu ya ce in idonka na dama yana sa ka tuntuɓe ka ƙwaƙule shi, ban taɓa ganin cocin da ke cike da masu ido ɗaya ba, ya ce ni ne ƙofa, ba wanda ya ɗauka katako yake nufi. Kowa ya san akwai waƙa akwai misali akwai tarihi akwai wasiƙa a cikin Littafin, kuma ba a karanta Zabura kamar yadda ake karanta littafin Sarakuna. To me ya sa in an zo kan kwana shidan halitta na littafin Farawa sai a ce ko dai awa 24-24 ne cif ko kuma ka fita daga imani? Rana ma fa sai a kwana na huɗu aka halicce ta bisa ga surar kanta, tun ƙarni na uku Origen na Iskandariya ya yi tambayar yaya aka yi safiya da maraice sau uku ba rana ba wata, Augustine na Hippo da ya rasu a 430 shi ma bai ɗauki kwanakin a matsayin irin namu ba, har ya ja kunnen Kiristoci kar su riƙa faɗin shirme kan sama da ƙasa a gaban masana suna cewa Littafi ne ya faɗa, don hakan zai sa a raina Littafin. Waɗannan ba Jamusawan ƙarni na 19 ba ne, iyayen ikilisiya ne. Lissafin cewa an halicci duniya a 4004 kafin Almasihu kuwa na Bishop Ussher ne na Ireland a 1650, ba aya ba ce. Ko a shari'ar nan ta Dayton a jihar Tennessee a 1925, inda aka ci tarar malamin makaranta John Scopes dala 100 don ya koyar da ra'ayin Darwin, shi William Jennings Bryan da ke tsaye wa ɓangaren nassi da aka titsiye shi da tambaya ya amsa cewa kwanakin suna iya zama dogayen zamanai.

Abin da ke ci min rai shi ne yaran da muke asara ta wannan hanyar. An gaya wa yaro in tubali ɗaya ya motsa duk ginin ya rushe, sai ya shiga jami'a ya ga shekarun duwatsu da nisan taurari, ko ya buɗe Littafinsa ya ga ɗan rubutu a ƙasan shafi cewa Markus 16:9-20 ba ya cikin tsofaffin kwafi biyu na ƙarni na huɗu, shikenan sai ya tattara komai ya watsar, har da Yesun. Ba binciken ne ya kore shi ba, mu ne muka ɗora masa kayan da Littafin bai ɗora masa ba. Kuma kar mu manta an taɓa riƙe Afisawa 6:5, bayi ku yi wa iyayengijinku biyayya, aka kare cinikin bayi da ita, a kan batun bayi ne 'yan Baftis na kudancin Amurka suka ɓalle a 1845, sai a 1995 suka fito suka nemi gafara. Ko da yake a nan ma kar a yi kuɗin goro, William Wilberforce da ya yi ta fama a majalisar Ingila har aka hana cinikin bayi a 1807 shi ma mai riƙe da Littafi ne ƙwarai.

Su kuma masu sassauci ba zan hana su haƙƙinsu ba. Sun tuna mana cewa annabawa sun fi yin kuka kan zaluntar marayu da gwauraye da tauye mudu fiye da komai, Walter Rauschenbusch da ya yi fastanci a unguwar talakawa a New York ya ga yadda yara ke mutuwa saboda talauci ya ce bishara ba ta tsaya kan ceton rai kaɗai ba, Martin Luther King ma a makarantunsu ya yi karatun tauhidi. Sun kuma koya mana tambayar wa aka rubuta wa wannan ayar kuma a wane hali, tambayar da ko masu sukar su yau suna amfani da ita.

Amma akwai inda ba zan bi su ba ko da taku ɗaya. A 1941 Rudolf Bultmann ya ce mutumin da ke kunna wutar lantarki da rediyo yana zuwa asibitin zamani ba zai iya yarda da duniyar ruhohi da mu'ujizai ta Sabon Alkawari ba, don haka a tuɓe wa saƙon wannan rigar. Da aka ci gaba da tuɓewa sai aka kai ga cewa tashin Yesu ma ba wai kabarin ya zama wayam ba ne, a zukatan almajirai ya tashi, har wani bishop na Newark a Amurka, John Shelby Spong, ya rubuta haka ƙarara yana kan kujerarsa. To Malam Edita an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Bulus da kansa a 1 Korintiyawa 15 ya ce in Almasihu bai tashi ba wa'azinmu banza ne bangaskiyarku ma banza ce, kuma bai tsaya nan ba ya lissafa waɗanda suka gan shi, Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa sama da 500 a lokaci ɗaya, ya ce yawancinsu suna nan da rai, wato in kana shakka je ka tambaye su. Wanda ke ba da misali ba ya kawo shaidu. Ka yarda da shi ko kar ka yarda wannan naka ne, amma kar ka ce ba abin da yake nufi ke nan ba.

Daren da mahaifina zai cika ni ne a gefen gadonsa a asibiti, numfashinsa yana sama-sama, ya yi min nuni da Littafin da ke kan ƙaramin tebur, murfinsa duk ya sale saboda riƙo. Na tambaye shi Baba ina zan karanta, da ƙyar ya ce Korintiyawa, na san wurin. Ina karantawa leɓɓansa suna bina a hankali har muka kai inda aka ce ya mutuwa ina nasararki, sai ya matse min hannu. Ban ga yadda zan sunkuya a kunnensa a wannan daren in ce Baba ai wannan kwatanci ne kawai ba. Shi ba kwatanci ya dogara da shi ba, ni ma haka.

Kuma ba masu riƙe da nassi kaɗai suka ga wannan ramin ba. Karl Barth ɗalibinsu ne, a hannunsu ya yi karatu, amma a 1914 da ya ga malamansa irin su Adolf von Harnack sun sa hannu a takardar goyon bayan yaƙin sarkin Jamus sai ya gane cewa addinin da ya saba tafiya da duk abin da zamani ya kawo ba shi da bakin ce wa zamani a'a, ya koma kan wasiƙar Romawa ya fara daga farko. Wannan ita ce damuwata da su har gobe, in duk ayar da ta yi maka nauyi ka ce al'adar wancan lokacin ce, wace aya ce za ta rage da za ta iya tsawata maka?

Rigingimun da kuke kawo labarinsu yanzu duk 'ya'yan wannan tsohuwar tambayar ne. Batun naɗa mata fastoci, wani ya riƙe 1 Timoti 2:12 da ta hana mace koyarwa a kan namiji, wani ya riƙe Galatiyawa 3:28 da ta ce ba namiji ba mace duk ɗaya ne cikin Almasihu, sai a tsaya kan wacce ce doka ta har abada wacce ce ta wani gari a wani lokaci. Haka rikicin Anglika, tun da cocin Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop a 2003 alhali yana zaman soyayya da wani namiji irinsa, har ta kai bishop-bishop da yawa, akasarinsu daga Afirka da sauran ƙasashen kudu, suka yi nasu taron a Urushalima a 2008. Mai kallo daga waje zai ɗauka faɗan aure ne kawai, amma su a ciki kan ikon Littafi suke faɗa. Kuma mafi yawan Kiristocin duniya ba sa ɗaya daga cikin ƙarshen nan biyu, Katolika da Otodoks ma nasu tsarin daban ne don su koyarwar ikilisiya tana tafiya tare da nassi wajen fassara.

Ita yarinyar nan kuwa, abin da na gaya mata shi ne tambayarta ba saɓo ba ce, na faɗa mata yadda waɗannan ke haɗa labaran da yadda waɗancan ke kallonsu, na ce ni a ganina haɗin yana iya yiwuwa amma ba zan rantse a kai ba, kuma waɗanda suka tattara littattafan nan sun ga bambancin sarai suka bar shi yadda yake ba su goge ba, wannan ma wani abu ne da ke ƙara min yarda da su. Ta yi ajiyar zuciya ta rufe Littafin, mako na gaba ta dawo da wata tambayar kan mala'iku nawa ne a bakin kabari, ɗaya ko biyu.

Roƙona gare ku shi ne dan Allah ku sake duba kalmomin nan. In za ku kawo labarin, ku ce masu riƙe da zahirin nassi da masu yi masa tawili gwargwadon zamani, ko wata kalmar da ku masana harshe kuka ga ta fi dacewa, masu karatunku sun san zahiri sun san tawili, nan da nan za su gane inda aka dosa. In kuma akwai fili, ina so ku ba wani daga ɓangaren masu sassaucin dama ya amsa min, musamman kan maganar 1 Korintiyawa 15, don ina so in ji yadda yake karanta ta ga mutumin da ke bakin mutuwa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
wani malamin nazarin Littafi Mai Tsarki